Aron Fuska

A gefen teburin falo akwai wani guntun filasta da aka manna aka manta da shi, da 'yan silin furfura maƙale a jikinsa. Auta na cikin goge teburin ta gan shi. Har ta sa farce za ta ɓamɓare, sai ta tuna inda ya fito. Daga kumatun Babanta ne. Jiya da yamma da shi yayanta Dogo ya ja gefen bakin tsohon sama ya liƙe kusa da kunne, wai ko waya za ta yarda cewa fuskarsa ce. Wayar ba ta yarda ba, kuma wajen cirewa filastar ta tafi da gashin gemu.

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba a shagonsa na ɗinki, almakashi a hannu, zancen gidan ya koma guda ɗaya: katin lafiya na gwamnati. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa maganin ba a fashinsa, gashin ƙashi kuma in aka ja lokaci ba a fara ba, hannun da ƙafar za su sandare yadda suke. An sayar da keken ɗinki na farko, aka bi da na biyu, Umma ta cire 'yan kunnenta. Katin ne kawai zai ɗauke musu nauyin, shi kuwa ba a zuwa ofis a nema, ta intanet ake cikewa. Auta ce ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, don haka ba ma wanda ya nemi shawararta, aka dai miƙa mata takardun Baba a leda.

Ta ɗauka aikin yini guda ne. Shafin sai ya ga dama yake buɗewa, in ya buɗe ta cike har ƙasa, sai ya yi fari fat ya maido ta farko. Lambar da ake turowa ta saƙo ba ta isowa sai bayan ta mutu. Hoton takardar likita aka ce ya yi nauyi; ta rage shi, aka ce ba ya karantuwa. Akwai layin da aka ce a kira in an samu matsala, ta kira har ta haddace kiɗan da suke sawa, wata rana ta tsinci kanta tana rera shi wajen wanke-wanke. Da ƙyar komai ya shige, sai shafin ya tsaya a kan kalma biyu, ana dubawa, ya yi zamansa a nan. Kullum da safe Umma kan leƙo ɗakinta da tambaya a ido, ita kuma ta girgiza kai. A cikin wannan jira ne yatsun Baba na hagu suka fara lanƙwashewa ciki, kamar yana riƙe da wani abu da ba ya so a gani.

Da saƙo ya zo cewa saura mataki na ƙarshe, Umma har hawaye ta yi. Matakin shi ne tabbatar da fuska. Da'ira ce ke fitowa a allon waya, mutum ya sa fuskarsa a ciki, wata muryar mace ta ce ya ƙifta ido, ya juya dama, ya juya hagu, ya yi murmushi, sannan a gwada da hoton da ke katinsa na shaida. A wannan hoton Baba na da sauran ƙarfinsa, kumatu a cike, gemu a gyare, da irin kallon mutumin da ko hankicinsa sai ya goge kafin ya fita. Yanzu idon hagu ba ya rufuwa, bakin ya zube gefe, miyau na bin haɓa. Duk gwajin da aka yi, da'irar ja take komawa. An ɗaga labule, an kunna fitila, an ciccibe shi da kujera an kai baranda. Dogo, wanda direban motar wani kamfani ne, mutumin da ko jan fitilar hanya ba ya iya jira, ya riƙa tallafe haɓar ta baya yana ɓoye hannunsa, yana cewa Baba murmushi fa aka ce, ba kuka ba. Baba ba kuka yake ba, idon ne ke zubar da ruwa don ba ya rufuwa. Ko kuma dai kukan ne. Auta ba ta iya kallonsa sosai, allon take kallo. Bayan gwajin filastar ne shafin ya yi gargaɗi: in aka sake faɗuwa za a soke neman, a koma layi daga farko.

Tana tsaye da guntun filastar a hannu Baffa ya yi sallama. Ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran fanka da dutsen guga a wata rumfa ƙarƙashin benen kasuwa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba, bai sake aure ba. Ba ya jimawa bai zo ba, da ayaba a leda da reza a aljihu, ya yi wa yayansa aski, ya yanke masa farce, ya ba shi labarin kasuwa yana tambaya yana amsa wa kansa. Shi ma ba lafiyayye ba ne. Yana da ciwon suga, kuma tun kwanakin baya ƙusa ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama, raunin ya ƙi warkewa. Auta ce ta cike masa nasa neman katin bayan ta gama na Baba, nasa har lokacin yana kan ana dubawa.

Umma ta tare shi da wasan da suka saba na matar wa da ƙanin miji, ta ce ga mijinta na ajiya ya iso, me ya kawo wa amarya. Ya ce ayaba. Ta ce tun tana yarinya ayabar ce dai, Allah ya sa kafin ta mutu ta ga nama daga hannunsa. Ya yi dariya ya zauna, ya tambayi yadda aka kwana da wayar. Dogo, da bai fita aiki ba ranar, ya miƙa masa ya ce ya gani da idonsa. Baffa ya ɗaga ta daidai fuskarsa yana ƙanƙance ido don ya karanta, bai san kyamarar a buɗe take ba. Muryar ta ce ya ƙifta ido. Don mamaki ya ƙifta. Rabin da'irar ya koma kore.

Dogo ya fizge wayar, ya dubi allon, ya dubi Baffa, ya ɗauko katin shaidar Baba ya kara a gefen fuskarsa. Kowa ya san suna kama, amma ba wanda ya taɓa lura cewa Baffa na yau shi ne Baba na hoton: goshin, hancin, har yadda gira ɗaya ta ɗan fi ɗaya tashi. Umma ta riƙe baki. Baffa ya ce shi fa bai san kan abin nan ba, kada ya zama laifi. Dogo ya ce laifin me, ai ba sata ba ce, haƙƙin Baba ne na'ura ta hana shi, ƙifta ido kawai zai ara musu. Baffa ya dubi yayansa da ke kishingiɗe a kujera da tawul a wuya, ya ce in dai don Yaya ne, ko idon gaba ɗaya a ɗauka.

Aka ba Auta wayar ta mayar da shafin baya don a fara da kyau. Kafin da'irar akwai wani rubutu mai ƙananan baƙaƙe a ƙasa, da ɗan akwatin da ake dannawa. Ta sha wuce shi, ta kuma san abin da ya ce: fuskar da aka yi rajista da ita sau ɗaya, ba za a sake karɓarta da wani suna ba. Baffa ya leƙo ta kafaɗarta.

"Me aka rubuta a nan ƙasa, 'yata? Ban zo da tabarau ba."

"Sharuɗɗa ne, Baffa," in ji Dogo. "Ko su da suka rubuta ba sa karantawa."

Yatsan Auta ya tsaya a saman akwatin. Ta ce wa ranta, shafin da ko lamba ba ya iya turowa a kan lokaci, ina zai iya tuna fuskar wani tsoho mai gyaran fanka. Ta ce kafin nasa ya fito ma, wa ya sani, ƙila an canja tsarin. Ta dubi hannun Baba a naɗe a kan cinyarsa. Ta danna.

Baffa ya ƙifta, ya juya dama, ya juya hagu, ya yi murmushin kunya irin na wanda aka tsayar gaban mai hoto. Da'irar ta cika kore. Umma ta zauna daɓas a ƙasa tana godiya ga Allah, sannan ta ce wa Baffa ashe yana da ranarsa. Dogo ya dafa kafaɗarsa ya raɗa masa suna Fotokwafi, sunan kuwa ya zauna. A duk wannan hayaniya ba wanda ya juya wajen Baba sai Auta. Idonsa mai lafiya na kan ƙanensa, bai ɗauke ba har aka gama.

Katin ya fito, abubuwa suka sauya. Magani ya daina yankewa. Auta ke raka Baba ɗakin gashin ƙashi a asibiti, inda wata ma'aikaciya mai ƙarfin hannu ke miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya tana masa faɗa kamar ɗanta. A hankali yatsun suka fara sakewa. Ya fara riƙe cokali, ya fara jan ƙafa daga kujera zuwa ƙofa da sanda. Kalmomi suka fara dawowa a rarrabe, masu nauyi, kamar ana jawo su daga rijiya. Ranar da ya kira Umma da sunan da yake kiranta tun suna sabon aure, ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Sai dai katin na da sharaɗi: duk ƙarshen wata sai an sake tabbatar da fuska ta waya, don a san mai shi na raye, kafin a saki maganin wata mai zuwa. Kuma fuskar da aka fara ba na'urar ita take nema. Don haka duk wata Baffa kan rufe rumfa ya hau mota ya zo ƙifta ido. Umma ta hana shi canja aski, ta hana shi barin gemu ya yi tsawo. Wani wata da'irar ta yi gardama sai da aka maimaita, Umma ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta ce ramewa yake yi. Daga ranar, duk zuwansa sai ta cika masa kwano ta tsaya a kansa.

"Ci, mijina. Kar ka rame mana."

Shinkafa ce tuli, wadda likita ya ce ya rage. Yakan ci don kada ta ji haushi, ya ce bai taɓa sanin za a yi kiwonsa da tsufa ba. Kowa ya yi dariya, har shi.

Tafiyarsa ta canja. Da farko ɗingishi ne kaɗan, sannan ya yanke saman takalminsa na dama don ya ba bandeji wuri, sannan ya koma zama a bakin ƙofa maimakon kusa da yayansa. Auta ta gane dalilin ranar da ta durƙusa za ta ajiye masa ruwa. Wari ne, mai zaƙi-zaƙi, wanda turaren da ya fesa bai rufe ba. Ta tambaye shi me aka ce a asibiti. Ya ce sun ce sai an kwantar da shi an wanke ciwon, an yi ta allurai, in ba haka ba yatsan zai tafi, in ya tafi abin bai tsaya ba, ƙafar ce. Ya ce ya gaya musu katinsa na hanya, 'yarsa mai digiri ce ta cike masa, ba a samun kuskure a aikinta.

Saƙon matakin ƙarshe na katinsa ya zo wata safiya. Ya kira ta yana murna, don wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, ba ta wannan aikin. Auta ta same shi a rumfa, cikin fuka-fukan fanka da wayoyin wuta, ya share kujera, ya sa riga mai tsabta. Maƙwabcinsa mai sayar da ƙwan fitila ya leƙo yana tsokanarsa ko zance za shi. Baffa ya ce shi ai gwani ne a wannan harka, duk kasuwar nan ba wanda ya kai shi iya ƙifta ido. Ya yi komai tun kafin muryar ta gama faɗa. Da'irar ta juya, ta juya, sannan wani rubutu ya fito cikin ja. Auta ta karanta a zuci, ta sake karantawa, kafin ta iya buɗe baki ta faɗa masa: an riga an yi rajistar wannan fuskar da sunan wani.

"To ni wacce zan kawo musu?" in ji Baffa yana dariya. Da ya ga ita ba ta yi ba, dariyar ta tsaya a rabi.

Washegari suka tafi ofishin masu katin. Dogon ɗaki ne mai benci-benci, da tagogin gilashi waɗanda yawancinsu an jingina musu kwali. Mutane sun cika shi, kowa da ledar takardu a cinya: mai ciki, mai tari, wata uwa da yaro kwance a kafaɗa ba ya ko motsi. Mai gadi na ta nanata cewa nan ba a cike komai, a je a yi ta intanet. Sun wuni kafin su kai tagar koke-koke. Matar da ke ciki ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai ta cinye ta. Ta buga lambar Baffa, ta dube shi, ta dubi kwamfuta, ta ce a wurinsu wanda ya fara rajista da fuska shi ne mai ita. Hanya biyu ce. Ko mai katin farko ya shiga shafinsa ya janye da kansa, katinsa ya mutu, ya sake bin layi daga farko, sai a saki fuskar. Ko kuma Baffa ya shigar da ƙara cewa an yi amfani da fuskarsa, a dakatar da duka biyun, a miƙa wa masu bincike, wanda aka kama da ƙarya a cire shi daga tsarin gaba ɗaya. Auta ta tambayi tsawon lokacin da binciken ke ɗauka. Matar ta nuna mata mutanen kan benci da haɓa.

"Baba, ka san wanda ya ci maka fuska?" matar ta tambayi Baffa.

Baffa ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. Bai dubi Auta ba. Ya ce zai je ya yi tunani, Allah ya saka da alheri.

Da ya zo sauka daga mota, ya ce wa Auta ta gaya wa mutanen gida gobe zai shigo. Shafin Baba a wayarta yake. Ta san inda maɓallin janyewa yake, can ƙasa, ƙarami, launin toka. Ta buɗe ta kalle shi, ta rufe. Da ta isa gida ta tarar da Umma a kicin ta faɗa mata komai. Umma ba ta daina yanka albasa ba, abu ɗaya ta tambaya, ko matar ofis ta rubuta sunan gidansu. Dogo kuwa da ya dawo ya ji, cewa ya yi ta kula da wayar nan, kada tausayi ya sa ta yi wauta.

Baffa ya zo da yamma, ba ayaba, ba reza. Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafar. Umma ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ba ta kira shi mijinta ba.

Ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa, kamar shi ne mai laifi. Ya ce ƙara kam ba zai kai ba, ko ƙafa biyun za a yanke. Abin da yake roƙo shi ne a janye na Yaya, tunda an gode Allah jiki ya yi sauƙi, bakin ma ya ɗan miƙe, ƙila yanzu na'urar ta karɓe shi da fuskarsa. Kafin nan shi zai riƙa kawo abin da rumfa ta samar a haɗa a sayi magani. In aka wanke masa ƙafar ya tashi, komai zai zo da sauƙi.

Umma ta ce wace rumfa, wadda ko cikinsa ba ta iya riƙewa? Ta tuna masa jiran da suka sha, da kekunan da suka tafi, ta ce babu sauran abin sayarwa a gidan nan sai tukwane. In magani ya yanke ciwon ya sake bugowa, likita ya ce na biyu ba ya barin mutum. Ta tuna masa wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, wanda ya yi masa aure, wanda ya kama masa rumfar da yake taƙama da ita. Ta ce Baba na da iyali a kansa, ga yarinya ko aure ba ta yi ba.

"Kai fa kai kaɗai ne," ta ce. "Kuma yatsa ne. Mutum nawa ke yawo ba yatsa?"

Baffa ya ce likita bai ce a yatsan zai tsaya ba. Dogo ya karɓe, ya ce haka likitoci suke tsorata mutane, akwai wani mai magani a bayan garejinsu da ke warkar da irin wannan kamar wasa, shi zai kai shi da kansa. Sannan ya sauke murya ya ce don Baffa yake faɗa: in maganar nan ta fita, ba fuskar Baba ce ke cikin kwamfuta ba, ba ta shi Dogo ba ce, ba ta Auta ba ce, ta Baffa ce. Ba wanda ya ɗaure shi. Da kansa ya ƙifta, kuma duk wata yana ƙiftawa.

Baffa ya ɗago ya dube shi, yaron da ya sha ɗauka a wuya zuwa makaranta. Sannan ya juya wajen kujera.

"Yaya, kai me ka ce?"

Baba ya ji komai, Auta ta sani, don hankalinsa bai taɓa gushewa ba ko a farkon ciwon. Yana kallon hannunsa na hagu a kan cinya. Ya buɗe yatsun a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa. Bakinsa ya daɗe yana motsi kafin sauti ya fito, da ya fito kuma ba wajen ƙanensa ya nufa ba, wajen Umma ne.

"Lokacin... magani... ya yi."

Umma ta miƙe da sauri ta nufi ɗaki. Baffa ya gyaɗa kai kamar an ba shi doguwar amsa. Ya jima yana kallon bandejinsa, inda wani ruwa rawaya ya fara ɓullowa. Daga nan ya kira Auta, da muryar da yake kiranta tana ƙarama in ya ɓoye mata alewa a hannu.

"'Yata, rubutun nan na ƙasa, ranar farko. Abin da ya ce ke nan?"

Wayar na hannunta. Baffa ya san ta, yarinyar da ko takardar cikin kwalin magani sai ta karanta gaba da baya. Ta ji Dogo ya daina motsi a bayanta.

"Ban karanta ba, Baffa."

"To," ya ce. "Ai ƙanana ne."

Ya dafa bango zai tashi. Dogo ya ce ya ɗan dakata, tunda ya riga ya zo kuma wata ya kusa ƙarewa, a yi na wannan watan yanzu, kada ya sake wahalar hawa mota da ƙafar nan. Cikin sauƙi ya faɗa, har da alamar tausayi. Auta ta jira Baffa ya ƙi. Ta jira ya ɗaga murya, ya zage su, ya ce ba zai sake ba sai an janye. Da ya yi haka da ta samu abin riƙewa, ko ta danna maɓallin, ko ta ji haushinsa ta huta. Sai ya koma ya zauna, ya share zufar goshinsa da hannun riga, ya shafa gemunsa ya kwanta, ya juya wajen taga inda haske ya fi.

Ita ta riƙe wayar. Dogo ya tallafe mata gwiwar hannu. Baffa ya bi muryar ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ba, da'irar ta cika kore ba gardama. Dogo ya ce Fotokwafi ba ya ba da kunya, ya karɓi wayar ya sa a aljihunsa. Umma ta fito da kofin ruwa da ƙwayoyi a tafin hannu, su biyun suka duƙufa a kan Baba, ɗaya na tallafe kai, ɗaya na cewa a hankali, kada ya ƙware.

Auta kaɗai ke fuskantar ƙofa. Ta ga Baffa ya kama dogarin ƙofar da hannu biyu ya ja jikinsa sama, ya tsaya yana maida numfashi. Ya ɗan dubi bayan Umma da na Dogo, da sawun yayansa da ke leƙowa a tsakaninsu. Gaisuwar sallama na bakinta, ta kasa fitar da ita. Ya fita, ya jawo ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Ta ji shi a kan matakala, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana ja, har ƙarar titi ta rufe shi.